Wanzamin da Ya Ƙi Cire wa Jikana Beli

Mai rai ya karɓi abinsa, kuma ba a tambayarsa dalili. Ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar kwanakin gasar kofin duniya, Kawu ya yanke jiki ya faɗi a shagon askin da yake aiki a Asian Town, a nan Doha, yana cikin gyara wa wani direba gemu. Aka kai shi asibiti. Kafin a kira azahar rai ya yi halinsa. Washegari muka sallace shi, muka rufe shi a maƙabartar Mesaimeer, nesa da Zangon Kumasi inda aka binne cibiyarsa.

A gidanmu na Ain Khaled aka yi zaman makoki, domin matar ɗana 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa ta tashi, kuma ba shi da wani jini a ƙasar nan sai ita da ɗanta. Na zauna a kujerar mai gida ina karɓar gaisuwa, ina kallon masu shigowa. Samarin Zango sun zo daga wajen kallon ƙwallo da rigunan ƙungiyar ƙasarsu a jiki, suka tsaya a bakin ƙofa suna jin nauyin shiga da irin wannan shiga, sai da na ce su taho, mamacin ma da yana raye irinta zai sa. Direban nan ya zo da gemunsa rabi a gyare rabi ba a taɓa ba, ya ce ba wanda zai ƙarasa masa sai an yi sadakar uku. Wani abokin aikin Kawu, mutumin Bangaladash wanda ba ya jin Hausa, ya kawo zabirar Kawu a rungume, ya ajiye a gabana, ya zauna a ƙasa har la'asar. Sai kuma maƙwabciyarmu, nas ce, Kirista daga kudancin Kaduna. Ita ce ta fi kowa kuka. Da mata suka yi ta ba ta haƙuri sai ta ce, "Ku bar ni. Duk cikin waɗanda na koya wa aiki ba wanda ya riƙe abin da na faɗa kamar tsohon nan."

Kowa ya faɗi alherinsa ya tafi da zuciya sakayau. Ni kaɗai na kasa, domin akwai wata kalma guda da ya kamata in faɗa masa kusan shekara biyu da suka wuce, girman kai ya hana ni. Saboda ita na ɗauki alƙalami, kuma don kada a manta da shi.

Duk Hausawan Doha Kawu suke ce masa, yaro da babba. Ni ban taɓa kiransa haka ba, domin sa'ana ne. Wanzam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Alhaji. Ni ɗan gidan malamai ne a birnin Zazzau, na yi shekaru ina rubutu a kotun alƙali kafin in ajiye aiki in biyo ɗana nan bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ba zan ɓoye ba, tun ranar ɗaurin aure ina ganin na sauko ne da na haɗa zuri'a da gidan wanzamai. Ya san da haka, kuma bai taɓa nuna ya dame shi ba. In na yi doguwar magana a gaban jama'a sai ya jira in kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, Hausarka tana da rawani. Cire mata tukuna mu ji abin da kake nufi." Ni kuma in ce masa tasa Hausar ta daɗe a bakin teku har gishiri ya cinye ta. Mu yi dariya, amma tawa dariyar ba ta kai ciki ba.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum suna ƙamshin sabulu. A shagon da reza ake aski, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar, amma kowace safiya sai ya fito da askar mahaifinsa daga zabira, ya wasa ta a jikin fata, ya shafe ta da mai, ya mayar. Ba ya aske kowa da ita sai jariri ranar suna. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya amsa waya yana aski ko da kafil ɗinsa ne, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya kira, kuma in ya gama da kan mutum sai ya ɗan buga ƙeyarsa da tafin hannu ya ce, "Halas, an gama, tashi ka je ka yi kyau a wani wuri." Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe shaguna, ma'aikata suka zauna a ɗakuna gashi ya cika musu kai, sai ya riƙa ajiye kujera a ƙarƙashin matakalar gidan da suke haya, da takunkumi a fuskarsa, yana yi musu aski ɗaya bayan ɗaya kyauta. Ya fi matsa wa masu iyali. Yakan ce, "Zo nan, za ka kira matarka a bidiyo da wannan kai? Sai ta ce ciwon ne ya kama ka, ta kwana tana kuka."

A shekara ta biyu ta annobar, cikin sanyi, aka haifi jikana. Babu tsohuwar da ta samu zuwa daga gida don wankan jego, domin shiga ƙasar ya yi wuya. Ɗana kuwa yana aikin lantarki a ɗaya daga filayen wasan da ake ginawa, an tsare su a masaukin aiki, sai bayan mako biyu yake leƙo gida. Gidan ya zama daga ni sai surukata sai jariri, kuma na ɗauka cewa abin da na gani a gidan ubana ya ishe ni in riƙe su.

Ranar suna Kawu ya zo ya yi askin jariri da askar nan tasa. Da ya gama yana naɗe kaya na ce, "Wanzam, saura beli." A gidanmu ba a taɓa barin yaro da beli ba. Wanzami ke buɗe bakin jariri ya yanke ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro, domin mun gaji cewa in aka bar shi zai yi tsawo, ya dishe murya, ya hana shan nono. Kawu bai ɗago kai ba. Ya ce, "A bar shi tukuna, Alhaji." Saboda baƙi na bar maganar, amma na riƙe abin a raina.

Yaron yana da mako biyar mura ta kama shi. Da fari hanci ne ya toshe, yana shan nono yana saki don ya ja numfashi ta baki. Na sa aka rufe tagogi, aka kunna turaren wuta safe da yamma, aka naɗe shi cikin bargo biyu. A rana ta uku kukansa ya sauya. Wannan yaro da in ya tsala ihu har ƙasan bene ana ji, sai ga shi yana buɗe baki murya ba ta fita sai wani ɗan sauti a dishe. Da na ji haka na ce ga abin da nake gudu ya faru, beli ne ya sauko.

Surukata ta durƙusa a bakin ƙofar falo, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, ko za mu kai shi asibiti?"

Na ce ba za a kai shi ba. Dalilina biyu ne, kuma a lokacin ina ganin masu ƙarfi ne. Na farko, na san ciwon kuma na san maganinsa. Na biyu, tsoro. A kwanakin nan kowa yana yawo da alama a wayarsa, in kore ce ka shiga ko'ina, in ta koma ja an killace ka. Ana ta raɗe-raɗin cewa wanda ya je asibiti da tari za a tsare shi, a raba uwa da ɗa, a hana mai gida zuwa aiki. Ban bincika ko gaskiya ne ba. Na ɗauki waya na kira Kawu, na ce ya zo da zabirarsa.

Ya iso da hantsi ranar Juma'a. Yana shiga ɗakin ya yi tari, ya ce, "Wannan hayaƙi fa? Kifi kuke ƙyafewa?" Ya ɗauki kaskon turaren ya fitar da shi baranda, ya buɗe taga, ya wanke hannu. Ya karɓi yaron ya ɗora a cinya ya ce, "Aboki, me suka yi maka?" Sannan ya juya ga 'yar ƙanwarsa.

"Yaushe ya sha nono ya ƙoshi?"

"Tun jiya da la'asar, Kawu. Yana kamawa ya saki."

"Famfas nawa ya jiƙa tun asuba?"

"Ɗaya. Shi ma kaɗan."

"Jikin nan da zafi. Kin auna?"

Ta ce ta auna, zafin ya haura ƙa'ida. Ta saci kallona.

Na ce, "Wanzam, ba tambayoyi na kira ka ka yi ba. Buɗe bakinsa ka duba."

Bai buɗe bakin ba. Barguna ya warware, ya cire wa yaron riga, ya bar ƙirjin a fili. Ya ce, "Alhaji, matso. Sa tabaranka." Na matso. Ya nuna mini ƙasan haƙarƙari da yatsa. Duk jan numfashi sai fatar wurin ta lotsa ciki, haka ma ɗan ramin da ke ƙasan wuya, ƙofofin hancin kuma suna buɗewa suna rufewa. Ya ciro carbinsa, mai ƙwaya talatin da uku, ya ce wa surukata ta duba agogon waya ta gaya masa in minti ya cika. Duk ɗagawar ƙirji ya ja ƙwaya ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar carbi da shaƙar yaron. Da ta ce ya cika, ya zagaye carbin sau biyu har ya ɗora.

Ya ce, "Wannan ba aikin aska ba ne. Ciwon yana ƙirji. Ɗauko mayafinki."

Na ce, "A gidana?"

"A gidanka, Alhaji."

A nan ne na faɗi abin da na faɗa, kuma zan rubuta shi yadda ya fito. Na ce masa shi matsoraci ne. Na ce ya sayar da sana'ar ubansa ya zama mai gyara wa Indiyawa gashin baki, yanzu kuma yana so ya koya wa jikan malamai yadda ake renon yaro. Na ce da ya yi aikinsa ranar suna da duk wannan bai faru ba, kuma in wani abu ya sami yaron nan, a wuyansa. Na faɗi haka a gaban 'yar da ya rena.

Ya gyara takunkuminsa da ya zame. Ya ce, "Na ji. Zage ni a mota, akwai lokaci a hanya." Ya ciro waya ya kira nas ɗin nan, wadda ta fita aikin safe, ya juya mata bidiyo kan ƙirjin yaron. Ba ta kalla ya kai daƙiƙa goma ba ta ɗaga murya, "Kawu, me kuke jira? Yalla, maza! Jaririn da bai kai wata uku ba ga zazzaɓi, ga wannan numfashi? Baba Alhaji, in kana ji na, don girman Allah kada ka bari a kai azahar. Dubi leɓensa."

Na duba. Leɓen ya fara sauya launi, ya yi duhu-duhu. Ban san lokacin da na sunkuya na ɗauki yaron daga cinyar Kawu ba. Na sauka matakala da shi a ƙirjina, babu hula, takalmina na wanka ne, su biyun suna bina a baya.

A ƙofar sashen gaggawa na yara aka karɓi uwa da ɗa, aka ce mutum ɗaya ake bari ya shiga. Mu tsofaffin biyu muka zauna a gefen wurin ajiye motoci, a kan dakalin siminti, da tazara a tsakaninmu. Aka yi Juma'a ba mu je ba. Can Kawu ya fara magana, idonsa a kan motoci.

Ya ce yana da shekara talatin da 'yan kai, a Zango, aka kawo masa ɗan ƙaninsa, ɗan wata ɗaya, murya ta dishe, hanci a toshe. Ya cire masa beli kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Ya ce hannunsa bai goce ba, aikin ya fita tsaf, har aka yaba. Aka koma da yaro gida da kwanciyar hankali cewa an yi magani, ba wanda ya sake tunanin asibiti. Bayan kwana biyu yaron ya rasu. Ya ce, "Lokacin da nake buɗe bakinsa na ga ƙirjin yana yin abin da na nuna maka yau. Na gani da idona, Alhaji, amma ban san magana yake mini ba. Tun ranar ban sake sa ƙarfe a bakin yaro ba." Ya ce shi ya sa da ya sami nas a maƙwabtanmu ya riƙa tsare ta a bakin ƙofa da tambayoyi, har ta zaunar da shi ta koya masa abin da ake dubawa.

Wannan ne wurin da ya kamata in ce, Wanzam, ka yafe mini. Kalmar ta zo har bakina. Sai na ce, "Allah ya jiƙan yaro." Ya ce amin. Muka ci gaba da kallon motoci.

Ba korona ba ce. Likitoci suka ce mura ce ta sauka cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu, irin wadda babba ke sha ya warke yana tafiya, amma takan fi ƙarfin jariri. Ya kwana huɗu ana ba shi iskar oksijin, ana ba shi nonon uwarsa ta siririn bututu. Ba a raba shi da ita ba, ba a tsare kowa ba, wayar kowa ba ta koma ja ba. Ya dawo gida da belinsa, kuma bayan mako guda kukansa ya sake kaiwa ƙasan bene.

Daga baya na ji Kawu yana karanta wa wasu samari masu sababbin iyali darasin, a shago, yana aski. Yakan ce in hanci ne kawai ya toshe, yaro yana shan nono, yana jiƙa famfas, kukansa da ƙarfi, to a ɗiga masa ruwan gishirin da ake sayarwa a kantin magani, a raba shi da hayaƙi, a sa ido. Amma in murya ta dishe kuma ya ƙi nono, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa, ko numfashi ya yi sauri ko yana ƙara, ko jiki ya yi zafi alhali bai cika wata uku ba, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko leɓe ya sauya, to kada a kira kaka, kada a kira wanzami, a kira mota. Da ya hango ni a kujerar jira sai ya sauya zance zuwa ƙwallo, don kada in ji kunya.

Domin tun daga wannan lokaci a wurinsa nake aski. Duk bayan mako biyu ina hawa mota daga Ain Khaled zuwa Asian Town, in wuce shaguna da yawa da suka fi kusa, in zauna a kujerarsa. Kowane zuwa da niyyar faɗin kalmar nake fita daga gida. In na zauna sai in ga akwai mutane, ko in ga ba mutane amma shirun ya yi yawa. Ya aske ni, ya buga ƙeyata, in tashi. Na yi masa kyautar hula, na yi masa kyautar turare, na fara ba shi hannu biyu in za mu gaisa. Na gaya wa kaina cewa ai ya gane. A zuwana na ƙarshe garin ya cika da baƙi, shagon ya cika da masu son a zana musu tuta a ƙeya, ya ce, "Alhaji, kai ma in yi maka tauraro?" Na ce Allah ya kiyaye. Na ce a raina bari a gama wasan nan, gari ya lafa, in gayyace shi gida mu zauna mu biyu.

A maƙabarta, kafin a tura ƙasa, wani dattijon Zango ya ɗaga murya ya ce duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, mun yafe. Ni bakina bai motsa ba. Ba ni da abin yafewa, kuma ba a tanadi wurin da mai rai zai nemi tasa yafiyar daga wanda ke cikin likkafani ba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse da la'asar, na yi abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Na je ƙofar kicin inda surukata ke wanke kofuna, na tsaya, na kira ta. Ta juyo za ta durƙusa na ce ta tsaya. Na ce, "Ke ce magajiyarsa, kuma a gabanki na zage shi. Na kira shi matsoraci, na ɗora masa ran ɗanki. Ƙarya na yi. Ban nemi gafararsa ba har ya tafi. Ina so ki gaya mini gaskiya, ya taɓa ce miki ya yafe?"

Ta daɗe tana goge hannu da gefen zane. Na san tana iya ce mini e don ta sallame ni, kuma da na karɓa. Amma shi ya rene ta.

Ta ce, "Bai taɓa cewa ya yafe ba, Baba. Maganar ta yi masa ciwo, ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Sau ɗaya na tayar da zancen, na ce Baba bai kyauta ba. Sai ya ce in rufe bakina. Ya ce, 'Mutumin nan bai taɓa fita ƙofar gida ba hula ba tun da na san shi. Ranar nan ya fita, da yaron a hannu, ya riga ni isa mota. Ni abin da na gani ke nan.' Bai ƙara komai ba, ni ma ban sake tambaya ba."

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ba zan ƙara masa da abin da bai faɗa ba. Sauran yana wurin Allah, ranar da za a tara mu. Amma tunda a gaban mutum ɗaya na zage shi, na ga ya dace in janye a gaban duk wanda zai karanta wannan. Ban taɓa sanin namijin da ya fi shi ƙarfin zuciya ba. Jikana yana raye, yana gudu a tsakar falo, saboda wanzami ya ƙi bin umarnina.

Ya Ubangiji, Ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunci, Ka haɗa shi da ɗan ƙaninsa a inda babu zargi, Ka sa abin da na faɗa masa ya zama nauyi a kaina, lada a gare shi. Wanzam, ka yafe mini.